Don Allah a daina sa wa shirwa guba, ba ita ke ƙarar mana da kaji ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri da yi muku sannu da aiki, ina roƙon a ɗan sam min fili a wannan jarida tamu in yi magana kan wani abu da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya. Na san wasu za su ce ana ta kai wa ke ta kaya, ga tsadar abinci ga matsalar tsaro shi kuma wannan ya zo mana da zancen tsuntsu, toh a yi haƙuri a karanta tukunna, domin zancen ya shafi abincin namu ya kuma shafi lafiyar yaranmu.

Maganar ita ce wata ɗabi'a da ta shigo wa masu kiwon kaji a gida, wai in shirwa ko shaho ya dame ka da ɗaukar 'yan tsaki sai ka samu mataccen ɗan tsako ko hanjin kaza ka barbaɗa mai maganin ɓera ko ka zuba mai fiya-fiya ko maganin feshin gona, ka ɗora a kan katanga ko kan rufin kwano, shikenan wai ka yi maganin ɓarauniya. Har wasu na ba junansu wannan shawarar a Facebook da WhatsApp kaman wata babbar dabara suka gano, ana ta tura musu Allah ya saka da alheri. Ni mai kiwon kaji ne a nan Zariya, a hannun mahaifiyata na koya tun ina yaro, na san zafin abin sarai. Kaza ta yi sati uku tana kwanci, kana lallaɓa ta kana kai mata tsaba da ruwa, ta ƙyanƙyashe maka 'ya'ya gwanin sha'awa, kana lissafin na Sallah da na kuɗin makaranta, kawai wata ta sauko daga sama ta sure maka ɗaya a gaban idonka ba ko sallama. Ba wanda zai ji daɗi wallahi. Amma gubar nan ɓarnarta ta fi ta shirwar nesa ba kusa ba.

Duk wanda ya zauna a tsakar gida da hantsi ya san yanda abin ke faruwa. Kaza na tone-tonenta a gindin turmi, 'ya'yan na biye da ita, sai ka ga ta tsaya cak ta karkata kai ta kalli sama da ido ɗaya, ta saki wani dogon kuka siriri wanda ya sha bamban da ƙurƙur ɗin da take kiransu da shi in ta samu tsaba, kafin ka ƙifta ido 'yan tsakin sun ɓace, wani ƙarƙashin rumbu wani bayan tulu wani ya lafe a ƙasa ko motsi ba ya yi. Kai da kake zaune ba ka ga komai ba tukun, sai daga baya inuwa ta gifta a ƙasa. Ita shirwa ba ta sauka, tana cikin tafiyarta za ta karkato ta miƙo ƙafa ta fyauce ta wuce, wani lokaci ma a sama take cinye abin tana shawagi, ta sunkuyar da kai tana yagar abin da ke ƙafarta. Wanda take samu kusan kullum shi ne ɗan da ya yi nisa da uwarsa a fili fetal inda babu abin fakewa, ko wanda dama ba shi da lafiya ya kasa gudu. Uwar kuma kar ka raina ta, na sha ganin kazar Hausa ta buɗe fukafukai ta yi tsalle ta tari shirwa a iska har shirwar ta fasa. Kajin gidan gona da aka ƙyanƙyashe a inji su kam ba su da mai koya musu, sai su tsaya suna kallon ikon Allah.

Mutane kuma suna haɗa tsuntsayen nan su yi musu kuɗin goro, duk abin da ya yi jewa a sama ɓarawon kaji ne. Ba haka ba ne. Shirwa ita ce mai ruwan ƙasa-ƙasa ɗin nan, jelarta a tsage kaman an yanke tsakiyar, tana murɗa ta dama da hagu in tana shawagi, tamu ta nan bakinta rawaya ne. Akwai 'yar'uwarta mai baƙin baki da ke tasowa daga Turai, su tsallako ta mashigin Jibraltar dubbai su keto Sahara su zo su yi hunturu a yankinmu na Sahel, in zafi ya fara su koma. Tamu ma ba zaune take waje ɗaya ba, da rani ta fi yawa a wajenmu, in damina ta kankama sai ka ga sun ragu sun yi arewa. Kuma in ka lura da abin da take ci, kaji kaɗan ne a ciki. Je ka bakin mayanka ka ga yanda suke rububin tarkacen da mahauta suka zubar, je ka bola, je ka inda ake ƙunar daji ka ga yanda suke kutsawa cikin hayaƙi suna kama fara da ɓeraye masu gudun wuta, ko ranar da shinge ya fito bayan ruwan farko ka ga sama ta cika da su. Mataccen ɓeran da ka jefar bayan katanga da safe ka dawo da azahar ba ka gan shi ba, wa kake zaton ya ɗauke maka?

Shaho shi kuma daban yake, bai kai ta girma ba amma ya fi ta zafin nama da wayo. Akwai ƙaramin nan mai launin toka, ƙirjinsa da zane-zane, namijin idonsa jajir, shi ba ya ɓata lokaci a sama, cikin darbejiya ko mangwaro yake shigewa ya yi lamo, sai ya ga dama ta samu ya fito kaman an harbo shi. Ƙadangaru ne yawancin abincinsa da ƙananan tsuntsaye. Na taɓa zama ina kallon wani a kan reshen darbejiyar ƙofar gidanmu ya danne kurciya da ƙafa ɗaya yana fige ta a tsanake, gashin na saukowa kan tabarmar da muke zaune, yara suka taru suna ihu ko a jikinsa, in ya figa ya ɗaga kai ya harare mu ya ci gaba, da ya gama ya goge bakinsa a jikin reshen gefe da gefe ya tashi abinsa. Akwai kuma babban, mai dogayen fukafukai masu tsini, wanda masu tattabaru suka fi kowa saninsa don shi a iska yake buge tattabara. Masu tattabarun unguwarmu in suka gan shi ranar ba mai sakin nasa.

Halin shirwa na sura ba yau ya fara ba. A hadisin da Nana A'isha ta ruwaito akwai labarin wata baiwar Allah da ke zaune da wasu Larabawa, wata yarinyarsu ta ajiye jan abin adonta na fata, shirwa ta zo wucewa ta zaci nama ne ta ɗauke, aka ɗora wa matar nan sata aka caje ta aka ci mata mutunci, ana cikin haka shirwar ta dawo ta yar da abin a tsakiyarsu, daga nan matar ta tafi Madina ta musulunta. Na kawo wannan ne don na san akwai wanda zai ce min ai shirwa na cikin abubuwa biyar da aka halatta kashewa ko a cikin harami, ita da hankaka da ɓera da kunama da kare mai cizo. Haka ne, ban musa ba, malamai sun fi ni sanin bayaninsa. Wanda shirwa ta addaba ya kore ta ko ya harbe ta da danƙo ba da shi nake ba. Amma guba fa ba ta karanta hadisi, ba ta san wannan shirwa ce wannan ungulu ce wannan kyanwar maƙwabta ce ba, duk wanda ya ci ya tafi.

A layinmu an yi haka, wani bawan Allah da ba sai na faɗi ko waye ba ya ɗora irin wannan tarko a kan katangarsa. Shirwar da yake nema ta ɗauka ta tashi da shi, sai ya suɓuce mata ya faɗa gidan da ke bayansu, kajin gidan suka yi caa a kai, kafin la'asar an kwashe gawar kaji a kwando, muzurun gidan ya bi bayansu, washegari aka tsinci hankaki a bakin lambatu sun sandare. Matar gidan marayu take riƙo da kajin nan. Kuma a tsakar gidan nan akwai yaro mai rarrafe wanda duk abin da ya tsinta baki yake kaiwa, Allah ne kawai ya tsare. Sai da mai unguwa ya shiga maganar kafin aka samu zaman lafiya, har yau gaisuwa sama-sama ake yi tsakanin gidajen biyu. Ita kuma shirwar ko rannan da yamma tana nan tana jewarta. Wani abin tsoron kuma shi ne ba kowa ke zubar da kazar da ta fara layi ba, wani da ya ga tana mutuwa zai sa wuƙa ya ce ai an samu yanka, a dafa a ci har da yara.

In za mu faɗa wa kanmu gaskiya, me ke ƙarar da kaji a gidajenmu? Kowa ya tuna hunturun da ya wuce. Ciwon nan da likitocin dabbobi ke kira Niyukasil, wanda za ka ga kaza ta takure ta rufe ido, fukafukai sun saki, tana zawo kore-kore, tana numfashi da ƙyar, wata wuyanta ya murɗe tana kallon baya tana zagaye, shi ne ke shiga unguwa ya share akurki bayan akurki cikin 'yan kwanaki, manya da ƙanana. Shirwa ɗaya take ɗauka ta tafi, shi wannan ba ya barin ko na iri. Kuma mu da hannunmu muke yaɗa shi, da mutum ya ga kajinsa sun fara sai ya kwasa ya yi kasuwa ya karyar da su, wani ya ga araha ya saya ya kai gida ya saki cikin nasa. Alhali rigakafinsa na nan, cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a jihar Filato, wadda ke wurin tun 1924, tana yin sa, akwai ma wanda aka yi musamman don kajin ƙauye mai ɗan jure zafi, ɗigo ɗaya ake sa wa a ido, kwalba ɗaya ta ishi gidaje da yawa in aka haɗa kuɗi. Mutumin da zai iya fita takanas ya sayo guba saboda ɗan tsako ɗaya, ka tambaye shi yaushe rabon da ya yi wa kajinsa rigakafi sai ya fara sosa ƙeya.

Bayan ciwo sai sanyi da ruwan sama da faɗawa lambatu, sai gafiya da ɓera da muzuru da tunku da maciji, sai kuma ɓarawo mai ƙafa biyu. Duk ɗan tsakon da ya ɓata da daddare kar ma ka ambaci shirwa, ita tana can kan bishiya tana barci.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne mun riga mun ga ƙarshen irin wannan hanya a kan ungulu. Edita, kai ma in ka kai shekara arba'in ka tuna, a da wace kasuwa za ka shiga ba ka ga ungulu jere a kan rumfar mahauta ba, suna tafiyar nan tasu ta tsalle-tsalle a tsakanin mutane ba mai kula su. Ranar babbar Sallah a tsakar gida suke sauka tun ba a gama fiɗa ba, mu yara aikinmu kenan korarsu daga kayan ciki. Rimayen Zariya da tsamiyoyi cike suke da sheƙarsu. Yau ɗana ƙarami a littafin makaranta ya san ungulu, in na ce mai ungulu ba ta jewar banza sai na tsaya yi mai bayanin wace ce ita. Kuma ita baiwar Allah ko ɗan tsako ba ta iya ɗauka, ƙafarta ba ta da ƙarfin damƙa irin ta shaho, mushe kawai take ci, cikinta kuma na narkar da ƙwayoyin cutar da in kare ko ƙuda ya ɗauka sai ya kawo mana gida.

Ba mu kaɗai muka lura ba. Wani masanin tsuntsaye Bafaranshe mai suna Jean-Marc Thiollay ya bi hanyoyin Burkina Faso da Mali da Nijar da mota yana ƙirga irin waɗannan tsuntsaye tsakanin 1969 da 1973, ya dawo ya sake bin hanyoyin a 2003 da 2004, sai ya tarar manyan ungulaye na daji sun ragu da kusan kashi 98 cikin 100 a wajen gandun dajin da ake karewa. A 2015 hukumar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa ungulun nan tamu ta cikin gari a jerin halittun da ke dab da ƙarewa a duniya. Wani bincike da ya fito a 2024 kan nau'i 42 na tsuntsaye masu farauta a Afirka ya nuna kusan kashi 90 cikin 100 nasu raguwa suke yi, kuma mu nan Afirka ta Yamma abin ya fi muni. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne, an sare manyan bishiyoyi an yi gawayi da katako, ana sa guba a mushe, sannan ga masu tsibbu da ke sayen kan ungulu da ƙwanta da gashinta wai don sa'a ko ganin gaibu ko maganin hauka, kowa ya san ɓangaren kasuwar da ake baje irin kayan nan. A Gini Bisau a 2020 an tsinci gawar ungulu sama da 2,000 a yankunan Bafata da Gabu, guba aka sa musu, da yawa an cire musu kai. Ita kuwa ƙwai ɗaya tal take yi a shekara, in ka kashe ɗari yau sai yaushe za a mayar?

In wani na ganin rashin ungulu ba komai ba ne ya tambayi mutanen Indiya. A shekarun 1990 suka riƙa yi wa shanunsu allurar maganin ciwon jiki diclofenac, ashe in saniyar ta mutu ungulu ta ci naman, ƙodar ungulun ke lalacewa, cikin 'yan shekaru sama da kashi 95 cikin 100 na ungulayensu suka mutu, mushe ya riƙa ruɓewa a fili yana gurɓata ruwa, karnukan bola suka yi yawa, ciwon haukan kare ya ƙaru. Sai a 2006 gwamnatinsu ta hana amfani da maganin a kan dabbobi, bayan aikin gama ya gama. Wasu masana tattalin arziki sun ƙiyasta a 2024 cewa rashin ungulun ya jawo ƙarin mutuwar mutane wajen rabin miliyan tsakanin 2000 da 2005. Mu nan da ba mu da motar kwasar mushe, jaki ya mutu a bakin titi sai dai kowa ya toshe hanci ya wuce har sati, yanzu shirwa da hankaka ne suka rage suna ɗan rage mana, su ma ga shi mun juyo kansu.

Sai mujiya, wadda ita kam an zalunce ta ba kaɗan ba. Da ta yi kuka a kan rufi sai a hau salati wai wani zai mutu a gidan ko mayya ce ta rikiɗa, gari na wayewa samari su hau silin su fito da ita da 'ya'yanta a jefe su. Alhali Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kore camfi da tsuntsaye, kuma malamai da dama sun yi bayanin cewa har da camfin mujiya da Larabawan jahiliyya ke yi a cikin abin da ya kore. Farar nan mai faffaɗar fuska da ke zama a silin makarantu da tsofaffin gine-gine, in ka duba ƙarƙashin inda take kwana za ka ga wasu 'yan curi baƙaƙe kaman kashi, ba kashi ba ne, amai take yi na abin da cikinta bai narkar ba, sa tsinke ka fasa ɗaya ka gani, gashin ɓera ne zalla da 'yan ƙasusuwa, wani lokaci har da ƙoƙon kan ɓeran da haƙoransa ras. Mujiya da mijinta in suna ciyar da 'ya'ya, ɓerayen da suke kamawa a shekara sun haura dubu. Mu da ke fama da zazzaɓin Lassa duk rani, ciwon da aka fara gano shi a garin Lassa na jihar Borno a 1969, wanda fitsari da kashin ɓera a kan abinci ke kawo shi, mu ne kuma ke kashe mai kama mana ɓeran kyauta cikin dare muna barci. Ɓeran nan fa shi ma yana cikin biyar ɗin da aka ce a kashe. Maganin ɓera ma yana gamawa da ita ba tare da an nufe ta ba, domin akwai irin wanda ɓera ke ci ya yi kwanaki yana yawo a galabaice kafin ya mutu, shi ne mafi sauƙin kamu, ta ɗauka ta kai wa 'ya'yanta duk su mutu a sheƙa.

Toh me mutum zai yi, ya zuba ido a kwashe mai kaji? A'a. Iyayenmu ba su san fiya-fiya ba kuma sun yi kiwo sun ci riba. Mahaifiyata babban kwando take kifawa a kan kaza da 'ya'yanta a inuwa, ta sa musu ruwa a kasko da 'yan duwatsu a ciki don kar su nutse, ta watsa musu ɓarzajjen gero ko dusa, sai da yamma in tana zaune a wajen take ɗaga musu su ɗan miƙe ƙafa. Duk wahalar ta sati shida ce zuwa takwas, da sun yi gashi sun yi nauyi shirwa ba ta iya tashi da su, sai dai ta yi jewa ta haƙura. Yanzu ma abin ya fi sauƙi, tsohon gidan sauron da ya yage aka jefar, ɗaura shi a kan 'yan sanduna huɗu ya zama rumfa, ko ka sayi ragar waya yadi kaɗan kafinta ya buga maka keji mara ƙasa da za ka riƙa ja daga nan zuwa can. Karan dawa in ka jingina shi a jikin katanga ka bar 'yar kafa a ƙasa ya zama wajen ɓuya. Gidajen da aka share tsakar gida tas aka zuba siminti ba ko tsiro, su suka fi kuka da shirwa, wanda ke da zogale da lalle da 'yar ayaba a gefe ba kasafai ake mai ɓarna ba. Wasu na ja zare su gicciya shi a saman tsakar gida daga katanga zuwa katanga, tunda ita da gudu take shigowa ba ta son abin da zai taɓa mata fiffike. Na ga masu rataya tsofaffin faifan CD, yana ɗan aiki kwana biyu kafin ta gane wasa ne. Na ga kuma masu shafa wa 'yan tsaki shuɗi ko jan kala a baya, masu yi suna rantsuwa yana aiki, ni dai kwandon na fi yarda da shi. Zakara mai kishi da zabi ma suna taimakawa don ba abin da zai gifta a sama ba su yi kururuwa ba, in dai maƙwabta za su iya jure surutun zabi.

Sannan mu daina gayyato ta da kanmu. An yanka kaza an watsa hanji da gashi a ƙofar gida, an wanke nama an zubar da ruwan da guntattakin a fili, ta zo ta ci yau ta ci gobe, jibi ta zo ba ta samu ba ga kuma 'yan tsaki na yawo, laifin wa? Kazar da ta mutu da ciwo kuma a haƙa rami a binne ta, kar a wurga a bola. Ba mu manta ba murar tsuntsaye nau'in H5N1 da aka fara tabbatarwa a Afirka a watan Fabrairun 2006 a wata gona ce a Jaji, nan kusa da mu a hanyar Kaduna, kuma mushen da aka yar a fili kare ya ja tsuntsu ya ɗauka yana cikin hanyoyin da irin waɗannan cututtuka ke zagaya gari.

Roƙona gare ku Edita, ku tura wakilanku mayankar Kano da ta Katsina da Sakkwato da Maiduguri, in da hali har Maraɗi da Damagaram, su zauna da sarakunan fawa da tsofaffin mahauta su tambaye su yaushe rabonsu da ganin ungulu, a buga amsar yanda suka faɗa, na tabbata mutane za su girgiza. Akwai cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI a Jos, akwai ƙungiyar kare muhalli ta NCF da ta daɗe tana wayar da kai a kan ungulu, ku nemi masanansu su yi bayani da Hausa ba da Turancin da ba mai karantawa a ƙauye ba, ku sa hotunan shirwa da shaho da ungulu da mujiya gefe da gefe don yara su san bambancinsu. Asabar ta farko a watan Satumba ita ce ranar ungulu ta duniya, ko shafi ɗaya ne a ware mata. Malaman gona na cibiyar wayar da kan manoma ta NAERLS da ke nan Jami'ar Ahmadu Bello su ma ina roƙon su sa zancen kwando da rigakafin hunturu a shirye-shiryensu na rediyo tun kafin sanyi ya shigo, don mata ne ke da yawancin kajin nan kuma rediyo suke ji. Limamanmu su taimaka da minti biyu a huɗuba kan camfin mujiya da kan sayen kan ungulu wajen boka. Masu shagon maganin gona kuma don Allah in yaro ya zo sayen guba a ƙullin leda a tambaye shi wa ya aiko shi, me za a yi da ita.

Na gode da wannan fili, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka, a gaida duk ma'aikata.

Wassalam.

Naku mai karatu a kullum,
Wani mai kiwon kaji, Tudun Wada, Zariya